ZAƁEN SHUGABANNIN RASSAN ƘUNGIYAR MANOMA DA ƳAN KASUWAR ALBASA

Jawabin da malamin lakkol na garinmu ya yi gaban babban taro. Mun buga shi dukansa domin ƴan uwa na Yamai da na kurmi su karanta, su kuma karanta ma waɗanda ba su iya ba.

 

Ranka ya daɗe mai gari, Allah gafarta malam liman, sarkin noma, iyayena maza da iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku baƙinmu ƴan gida da kunka sha hanya daga Yamai da Abijan da Akara, ina gaishe ku gaba ɗaya. Dattawa ne sunka ce in tashi in yi bayani, don kaye na ƙungiya shina hannuna. Ni ba ni noman albasar saidawa, saboda haka ba ni da ƙuri'a cikin zaɓen nan, ba ni kuma neman kujera. Abin da zan faɗi shawara ce, ku ke da yankewa.

Ƙungiyar zumunci ta ƴan garinmu kun san ta: biki, suna, rasuwa, gyaran masallaci, rufin aji. Wadda muke magana yau daban take, ta sana'a ce. Duk wanda ke da garka ya san yadda shekara take. Albasa tana nuna lokaci guda, wajen Maris da Afrilu, kowa shi fito da tashi, kasuwa ta cika, kuɗi shi faɗi. Mai bashin iri da taki da man inji ba ya iya jira, sai shi saida a bakin garka yadda dillali ya ce, a dinka buhu a ɗora mishi hula har shi fi ƙarfin mutum biyu, a biya shi kuɗin buhu guda. Wanda ya samu ya zuba cikin rudu ya jira har tsakiyar damina ko bayanta, shi ke cin riba, in ruɓa ba ta cinye rabi ba. Ba mutum guda da zai iya gyara girman buhu, ko shi tsaida farashi, ko shi yi magana da masu kamiyo da ƴan duwan. Sai jama'a. Jama'a kuwa ba ta magana da baki ɗari, sai ta wakilta mutum uku ko biyar. Ga dalilin zaɓe.

Abin da iyayenmu sunka gani

Koperatib ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun 1962 gwamnatin Jori Hamani ta kafa UNCC, aka buɗe kasuwannin gyaɗa da na auduga, aka ce talakawa su zaɓi masu awo da masu rubutu daga cikinsu. Tsofaffin da ke zaune nan sun fi ni sanin abin da ya biyo baya. Shirin daga sama ya zo, ma'aikaci shi ke riƙe da takardu, sau da yawa kuma wanda ke kusa da fada shi ke samun kujera, har mutane sunka riƙa cewa koperatib ta gwamnati ce. Abin gwamnati kuwa ba mai jin zafinsa in ya lalace. Zamanin Seini Kunce anka tada samariya, an yi gayya, an gina azuzuwa, ba mai musun wannan; amma can ma umurni daga sama shike saukowa. A 1984 anka rushe UNCC. Bayan babban taron ƙasa na 1991 ƙofa ta buɗe, ƙungiyoyi sunka yi yawa kamar tururuwa, wasunsu mutum guda ne da jakarsa da hatiminsa, shina jiran purozhe.

Dokar da koperatib ke bi ita ce ta OHADA, wadda anka sa ma hannu a Lome ran 15 ga Disamba 2010. Ƙasashe 17 ke cikin OHADA, har da Nijar da Kodebuwa da Benin da Togo da Burkina. Gana ba ta ciki, saboda haka reshen Akara takardunsa na hukuma dokar can za su bi, amma dokarmu ta cikin gida guda ce ga kowa. Ga abin da dokar ta ce game da ƙaramar koperatib, a taƙaice. Mutum 5 sun isa su kafa ta. Kwamitin da ke tafiyar da ita kada shi wuce mutum 3, sai in mambobi sun kai 100 a iya kai shi 5. A zaɓi wasu mutum 3 zuwa 5 masu sa ido, waɗanda ba su cikin kwamitin, ba kuma iyalin ƴan kwamitin ba ne. Kowane mamba ƙuri'a guda gare shi, mai buhu 10 da mai buhu 1000 daidai suke. Aikin kwamiti kuma ba shi da albashi, sai dai a maida ma mutum abin da ya kashe domin ƙungiya.

Ku lura da lissafin nan: 3, ko 5. Mu kuwa mun saba da biro mai mutum ashirin. Perzidan, mataimaki na ɗaya, mataimaki na biyu, sakatare da mataimakinsa, mai kula da labarai, mai kula da shirye-shirye, mai ba da shawara na ɗaya har na shida, duk don kada wata unguwa ta ce an manta da ita. Ran aiki sai ka iske mutum biyu, sauran kowa shina zaton ɗan uwansa ya tafi.

Kujera ba rawani ba ce

Muna da sarautun sana'a tun kaka da kakanni: sarkin noma, sarkin pawa, sarkin maƙera, sarkin aska. Waɗannan a naɗa mutum ne, shi riƙe har ƙarshen ransa, sau da yawa ɗansa ko ƙanensa shi gaje shi. Ba mu taɓa su ba, ba za mu taɓa su ba. Amma perzidan na reshe ba sarki ba ne, ɗan aike ne. Ina ba da shawara a ba shi shekara 2, in ya yi kyau a ƙara mishi 2, daga nan shi sauka ko da ya fi kowa. Na san wasu za su ce me ya sa a canza mai kyau. Dalili shi ne in mutum ya shekara goma bisa kujera, ba wanda ke koyon aikin bayansa, lambobin waya duka suna kansa, mutanen hukuma shi kaɗai sunka sani. Ran da ya kwanta ciwo, reshe ya kwanta. Ran da kuma ya fara karkacewa, ba mai iya cewa sauka, don fidda shi ya zama cin mutunci. In kuwa tun farko kowa ya san wa'adi ne, mutum shi sauka da girmansa, ba wanda ya kore shi.

Saboda wannan ne nike roƙon mai gari da liman da sarkin noma kada su shiga takara. Ba don an rena su ba. In rigima ta tashi tsakanin perzidan da ma'aji, gun wa za mu kai ƙara in alƙalin shi ne perzidan?

Ina za mu samo mutanen?

Nan ne wuyar take, nan kuma zan daɗe. A garinmu mutumin kirki ba ya tashi cikin taro shi ce ku zaɓe ni. Kunya ba ta barinsa. Wanda ya tashi ya ce haka kuwa, sai a fara tambaya me ya hango. To in munka zauna munka ce mai so shi ɗaga hannu, ɗayan biyu ne: ko a yi shiru har rana ta faɗi, ko mai baki shi kwashe. Akwai kuma ta uku wadda ta fi muni, watau a kira sunan wanda ba shi nan, a tafa, a tashi. Mutum shina Abijan ko shina garka, sai shi ji an yi shi sakatare. Ba zai ce a'a ba don kada a ce ya rena jama'a, ba zai kuma yi aikin ba don bai ɗauka ba.

Ga abin da nike gani. Kowane reshe shi fidda mutum 3 masu neman ƴan takara: dattijo guda, mace guda, saurayi guda, su kuwa ba za su tsaya takara ba. Su bi gida gida, garka garka, rumfa rumfa. Kada su tambayi mutum kana so, su tambaye shi wa kake gani. Sunan da ya riƙa dawowa bakin mutane dabam dabam, shi za su je ma da dare, su zauna da shi. Kuma su gaya mishi gaskiya. Kada a ce mishi ba wani aiki ba ne, suna ne kawai. Aiki ne. Za ka bar garkarka ran ban ruwa ka tafi Madawa ko Ƙonni ko Tawa, ka zauna bakin biro tun safe. Za a tashe ka da dare don kamiyo ya lalace a hanya. Za a zage ka a bayan ido, a ce ka ci kuɗi ko da ba ka ci ba. Albashi babu. Kuɗin mota da na abinci za a maida maka in ka kawo takarda. A ba shi kwana bakwai shi yi shawara da iyalinsa. In ya ce a'a a gode mishi, kada a matsa. Ga kowace kujera a nemi mutum biyu ko uku, don zaɓe da mutum guda ba zaɓe ba ne.

Perzidan shi kasance mai haƙurin sauraro, wanda ba ya jin tsoron shiga ofis, wanda kuma abincinsa ke cikin albasa, in ta faɗi shi ma ya faɗi. Ƴan uwana na kurmi, ku yi mini haƙuri da abin da zan ce. Kowa ya san darajar mai gida a zango. Shi ke saukar da baƙo, shi ba shi tabarma da abinci, shi nemo mishi mai saye, shi tsaya mishi in bashi ya maƙale. Ba don masu gida ba, da yawanmu ba su san hanyar kurmi ba. Amma mai gida dillali ne, la'adarsa tana fitowa bisa kowane buhu, mai saye ma mutuminsa ne na shekara da shekaru. Ran da reshe zai tsaya shi ce a rage la'ada, ko a daina ɗora ma buhu hula, in mai gida ne perzidan kun sa shi tsakanin aljihunsa da amanarku. Wannan ba adalci ba ne gare shi ma. A ba shi girmansa cikin dattawan reshe, a nemi shawararsa kullum, kujerar kuwa a ba wani.

Sakatare shi ne mai rubutu. Ba dole sai mai faransanci ba. Wanda ya iya boko da Hausa, ko ajami mai kyau wanda wani ke iya karantawa, ya isa. Wasiƙar hukuma in ta taso, mu malaman lakkol muna nan, za mu taimaka. Amma kada ku ɗora reshe bisa kan malami ko ma'aikacin likita don kawai ya iya riƙon bik. Mu takarda guda ke ɗauke mu, a wayi gari an kai mutum wani gari, kaye shi bi shi cikin akwati. Akwai yaranku da sunka yi lakkol sunka dawo garka, akwai ƴan mata da sunka kai kolezhi. Ku duba can.

Ma'aji kuwa, al'adarmu ita ce a ba Alhaji mafi kuɗi, a ce ko ya ɓata shina da abin biya. Ku yi tunani. Ɗan kasuwa ba ya barin kuɗi kwance. Ba da mugun nufi ba, zai zuba na ƙungiya cikin nashi, shi ce in an tashi bukata in fiddo. Ran da za a sayi taki sai a iske kuɗin suna cikin kamiyo tsakanin Dori da Wagadugu. Wa ke da ƙarfin halin zuwa zaurensa shi ce Alhaji kawo lissafi, alhali rabin gari suna cin bashinsa? Ku nemi wanda ake iya tambaya. A nan iyayenmu mata sun riga mu. Tun 1991 da anka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, tsarin asusun nan ya bazu har ƙasashen waje, abin da ya riƙe shi kuwa ba wani sirri ba ne: akwati mai kwaɗo uku, makulli hannun mace uku, a buɗe gaban kowa, a ƙidaya da ƙarfi kowa na ji. Matan da ke dashe da yankan lawashi da dakan gabu sana'ar nan tasu ce kamar yadda take tamu. In reshen gida ya ba mace ma'aji, ni ban ga asara ba. Ko wa anka ba, kuɗi kada su fita sai da hannu biyu, na perzidan da na ma'aji, abin da rassa ke aikowa ta Nita ko Al Izza kuma a manna takardarsa cikin kaye.

Masu sa ido su ne waɗanda muke mantawa, sai taro ya watse a ce af, kai da kai ku riƙe. Ku zaɓe su da natsuwa kamar perzidan. A samu masu taurin kai kaɗan, waɗanda ba ɗa ba, ba ƙane ba, ba suruki ba ga ƴan kwamiti. Duk wata uku su ƙidaya kuɗi da hannunsu.

Yadda za a jefa ƙuri'a

Ɗaga hannu ya fi sauri, haka nan yin layi bayan ɗan takara. Amma ku gaya mini, wane ne cikinku zai ɗaga hannu ga wani alhali surukinsa na takara shina kallonsa? Wa zai tsaya layin wani, wanda ya ba shi bashin taki na tsaye gefe guda shina ƙidaya? Irin wannan zaɓe ba ya nuna wanda mutane ke so, wanda suke jin nauyi shike nunawa. Bayan nan kuma gaba ta shekara ta tashi tsakanin gidaje.

Wasu sun ce ƙuri'ar ɓoye sai masu karatu. Ba haka ba ne. A ƙasar Gambiya tun 1965 da ƴan duwatsun gilashi suke zaɓen shugabanninsu, kowane ɗan takara da gangarsa, mutum shi shiga shi jefa. Mu ma muna iyawa. A kafa zana. Bayan zana a aje tulu ga kowane ɗan takara, a rufe baki da fata a huda ƙaramar kafa, a sa alama: wannan tulun mai jan ƙyalle na wane ne, mai fari na wane. A kira suna daga kaye, a ba mutum ƙwallon dabino guda wanda anka shafa ma shuni, shi shiga shi kaɗai, shi fito hannu sake. In an gama a fiddo tuluna tsakar fili, dattawa su fasa rufi, a ƙidaya da ƙarfi. Ƙwallaye su yi daidai da yawan waɗanda anka kira. In sun ɗara ko da guda, a sake. Kujera guda guda za a yi, wanda ya faɗi a perzidan shina iya tsayawa a wata. In biyu sun yi kunnen doki a sake tsakaninsu.

Mai jefa ƙuri'a shi ne wanda sunansa ke cikin kaye, ya kuma biya kuɗin shekara kafin ranar. A rufe kaye kwana 15 kafin zaɓe, don kada wani mai hali shi biya ma mutum talatin da safe shi kawo su da yamma. Ƴan cin rani, kowa shi zaɓi reshe guda: ko gida ko inda kake ci rani, ba duka biyu ba. Saƙon murya ta WhatsApp kuma gaisuwa ce da shawara, ba ƙuri'a ba ce, don ba a ɓoye take ba, ba kuma mai tabbatar da wanda ke bayan wayar. Kowane reshe shi yi zaɓensa inda shike, gaban dattawansa, shi aiko da sakamako a rubuce da hannun shaidu uku.

Wata magana gajera. An rushe jam'iyyun siyasa a 2025, amma mun san har yanzu akwai gidajen da ba su manta wanda ya bi wace tuta ba. Albasa ba ta san tuta ba. Wanda ya kawo wannan cikin zaɓe, dattawa su tsawata mishi tun a bakin zana.

In wani na ganin duk wannan wahala ce bisa ƙaramin abu, shi tambayi ƴan Akara. A Yuli 2021 hukumar can ta tada kasuwar albasa daga Agbogbloshie ta maida ta Adjen Kotoku, bayan gari. Ran rabon wuri ba a tambayi kowane ɗan kasuwa ra'ayinsa ba, da wakilai anka yi magana. Shi kuma tuna 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da CEDEAO ta sa takunkumi anka rufe iyakar Benin da ta Nijeriya. Kamiyoyi sun tsaya da kaya cikin damina, albasa ta ruɓe, a Gana kuɗinta ya hau sama, a garka manomi bai ga ribar hawan ba. A irin wannan rana ake bukatar wanda zai san kamiyo nawa ke hanya, kayan wa ke ciki, wa za a kira, asarar kuma yaya za a raba ta tsakanin mai kaya da mai mota da mai saye. Ba ranar ake neman shugaba ba.

Ga lokaci. Reshen gida ba zai iya zaɓe tsakiyar ban ruwa ba, ba kuma bayan shuka ta kama ba. Tsakanin kwashe albasa da faɗuwar ruwan farko ya fi, lokacin ƴan cin rani ma sun fara dawowa. Rassan waje su riga mu da wata guda, don sababbin shugabanninsu su samu zuwa ko su aiko da wakili. Waɗanda sunka sauka su miƙa kaye da hatimi da kuɗi gaban masu sa ido cikin kwana 8, a rubuta abin da anka miƙa, kowa shi sa hannu ko yatsa.

Yau abu biyu nike roƙo kafin a tashi: taro shi yanke maganar wa'adi, shekara 2 ko 3, shi kuma fidda mutum ukun da za su fara bin gidaje a reshen gida. Ƴan Yamai da Abijan da Akara ku faɗi naku kafin ku koma. Wanda bai ga sunansa cikin kaye ba shi same ni a lakkol bayan la'asar, ko ran Lahadi da safe, da takardar biyansa.

Ranka ya daɗe mai gari, na gama.